Wanda Ke Amsa Mini Daga Ciki Ba Linux Ba Ne

Ƙarfe ɗaya na dare ta ɗan gota lokacin da na buga dmesg na danna. Ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba.

Duk wanda ya saba da Linux ya san abin da wannan umarni yake amayarwa: dogon bayanin da kanel ya yi ta rubutawa tun da aka kunna kwamfuta, sunan faifai, katin sadarwa, yawan memori, layi ɗaruruwa. Ni abin da ya fito mini ko rabin allo bai cika ba. Layin farko ya ce gVisor na tashi, na ƙarshe ya ce an shirya, tsakaninsu 'yan layukan barkwanci da maginansa suka zuba. Da sauri na buga uname -r. Amsa: 4.4.0. Kwamfutar nan ba ta taɓa ɗaukar Linux 4.4 ba, wanda ke kanta ya fi shi sabunta da shekaru. To wane ne yake amsa mini?

Bari in koma baya kaɗan. Da yamma nakan koya wa wasu matasa rubuta manhaja, kuma na daɗe ina son kafa musu shafin da kowa zai turo aikinsa, na'ura ta gwada ta ba shi sakamako nan take. Abin da ya riƙa hana ni barci shi ne, duk abin da suka turo a kan sabata zai yi aiki. Ba sai yaro ya yi mugun nufi ba, ya kwafo abin da bai fahimta ba daga intanet ma ya isa. Aka ce in saka kowane aiki a kwantena. Na saka. Amma kwantenoni ɗakuna ne a gida ɗaya, kowa da ƙofarsa, harsashinsu guda, wato kanel ɗaya suke hawa. A watan Maris na 2022 Max Kellermann ya bayyana wani kuskure a Linux da aka yi wa laƙabi da Dirty Pipe, wanda ya shigo tun fitowar 5.8. Da shi, mutumin da ba shi da wani iko a kan na'ura zai iya rubutu a fayil ɗin da karatu kaɗai aka yarje masa. Idan harsashi ya tsage, makullin ɗaki me zai tare?

Neman mafita ne ya kai ni ga gVisor, wanda Google ya saki ga kowa a watan Mayun 2018. Dabararsa ta ba ni mamaki tun kafin in gwada. Sun zauna sun sake rubuta kanel da harshen Go, amma wannan kanel ɗin yana gudana ne kamar kowace manhaja ta yau da kullum, a killace. Sunansa Sentry, kalmar da muka ara muka mayar sintiri. Duk roƙon da manhajar ciki ta aika, buɗe fayil ne, karantawa ne, gogewa ne, Sentry ne yake tare shi ya amsa. Linux yana da irin waɗannan roƙe-roƙe sama da 300, Sentry ya koyi amsa sama da 200 da bakinsa. Shi kansa Sentry ba a sake masa ba. An ɗaure masa hannu, abin da zai iya nema daga kanel na gaskiya ƙalilan ne, kuma a tsarin farko ko fayil bai isa ya buɗe da kansa ba. Akwai ɗan aike a waje mai suna Gofer, shi ke shiga rumbu ya ɗebo ya miƙo ta taga.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A daren nan na ƙudura sai na kama wannan baƙo yana ƙarya, kuma na san inda zan kama shi: wajen fayiloli, domin nan Linux yake da halaye iri-iri waɗanda ba kowa ya san da su ba.

Na fara da tsohuwar dabara. Na buɗe fayil, na goge shi yana buɗe, sannan na ci gaba da karanta shi. A Linux sunan ne yake ɓacewa, abin da ke ciki yana nan har sai mai riƙe da shi na ƙarshe ya saki. Ya karantu, har ƙarshe. Na ce to, wannan sananne ne. Na ƙirƙiri fayilolin nuni, irin waɗanda ba su ɗauke da komai sai kwatancen wani fayil, na jera su wannan na nuna wancan har guda 40. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya isa. Na ƙara na 41. Ya tsaya cak, ya ce ELOOP, daidai inda Linux yake gajiya. Na sa Python ya tura folda cikin 'yar foldar da ke cikinta, kamar a ce a saka tukunya cikin ludayinta. Ya ƙi, da lamba 22, EINVAL, lambar da Linux yake bayarwa.

Sai wata dabara ta faɗo mini, wadda na tabbata maginansa ba su zauna sun yi tunaninta da Hausa ba. Linux yana yarda sunan fayil ya kai bayit 255, ba harafi 255 ba. Harafinmu mai lanƙwasa, ƙ ko ɗ ko ɓ, bayit biyu yake ci a tsarin UTF-8. Na jera ƙ guda 127 na mayar da su sunan fayil. Ya karɓa. Na ƙara ɗaya suka zama 128, bayit 256 ke nan. Ya ce suna ya yi tsawo, ENAMETOOLONG. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Har wajen cewa a'a, da muryar Linux yake faɗa!

Daga nan barci ya ƙaura. Na buɗe ma'ajiyar kod ɗinsu a GitHub, na nufi foldar da suka kira vfs.

Ga wanda bai sani ba, VFS shi ne zauren da duk maganar fayil take bi. Manhaja ba ruwanta da ko fayil yana kan faifai, ko a memori, ko a wata na'ura can nesa. Ta faɗi suna kawai, zauren ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kamfanin Sun ne ya fito da wannan tunani a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da yake son fayilolin nesa su zauna kafaɗa da kafaɗa da na gida, Linux kuma ya gina nasa. Masu gVisor ma dole su gina nasu, kuma abin da ya ƙara kama ni shi ne sau biyu suka gina shi.

Na farkon yana da nauyin jiki. Ɗauki hanya kamar /usr/lib/python3/os.py. Zauren da kansa yake bin ta gaɓa-gaɓa, kuma duk gaɓar da bai riga ya sani ba sai ya tashi ɗan aike: je ka duba usr, dawo, je ka duba lib, dawo. Harshen da suke magana da shi ma aro ne, 9P, wanda aka ƙirƙira don Plan 9 a Bell Labs. Manhajar da ke buɗe ƙananan fayiloli dubbai, kamar Python ko Node a lokacin tashi, sai ta yi ta jira. Maimakon faci a kan faci, suka rushe suka sake, suka kira sabon VFS2. A nan zauren yana miƙa hanyar gaba ɗaya ga tsarin fayil ɗin da abin ya shafa, shi ya bi ta yadda ya fi masa sauƙi, sai ya iso mahaɗa da wani tsarin ko fayil ɗin nuni sannan ya waiwayo. Suka kuma ajiye 9P suka ƙirƙiro nasu harshen, LISAFS, wanda ke ƙunshe aike da yawa a tafiya ɗaya. An daɗe tsoho da sabo suna zaune tare a kod ɗin, ana sauyawa da tuta, har sabon ya tsaya da ƙafafunsa aka kwashe tsohon.

A 2023 suka ƙara matakai biyu, ɗaya daga cikinsu, Ayush Ranjan, ya yi bayaninsu a rubuce. Na ɗaya mai sauƙin fahimta ne: duk abin da kwantena ya rubuta a tushen fayilolinsa zubar da shi ake yi idan ya mutu, to don me za a wahalar da ɗan aike? Sai aka shimfiɗa wani rufi a cikin Sentry ya riƙa karɓar rubutun. Na biyun, Directfs, shi ne ya sa na yi shiru na ɗan lokaci. An yarda Sentry ya taɓa fayiloli da hannunsa. Gofer zai miƙa masa riƙon foldojin da aka ware wa kwantenan tun farko, daga nan ya ci gaba da kansa. Gaskiya da na karanta sai gabana ya faɗi, domin tagar nan ita ce ta fara jawo ni. Amma na bi sharuɗɗan. Sentry ba ya ganin sauran fayilolin na'urar ko kaɗan, kuma matatar seccomp tana tilasta masa sa O_NOFOLLOW duk lokacin da zai buɗe abu, ta yadda kanel na gaskiya ba zai bi masa fayil ɗin nuni zuwa waje ba. An rage kauri ɗaya na katanga an sayi sauri da shi, kuma sun faɗi haka a fili, sun bar wa mai so damar kashe shi. Ni a sabar ɗalibaina na kashe. Ayyukansu ƙanana ne, jiran ɗan aike ba zai cuce su ba.

Duk wannan gini ne babba, mai daɗin ba da labari. Abin da ya riƙe ni har asuba kuwa ƙananan gyare-gyare ne, waɗanda ba wanda zai yi musu shela.

Dubi maganar ƙidaya. Go yana da mai shara na kansa, yana kwashe memorin da aka gama da shi, sai na zaci an huta da lissafin wa ke riƙe da me. Ina! Mai sharar nan yana zuwa ne lokacin da ya ga dama, alhali fayil ɗin da aka goge dole ya tafi a daidai lokacin da hannun ƙarshe ya sake shi, faifan da aka ɗora kuma ba ya saukuwa muddin wani na tsaye a kansa. Don haka kowane abu a VFS2 yana da ƙidayar masu riƙe da shi. Wanda ya ɗauka ya ƙara ɗaya, wanda ya ajiye ya rage ɗaya. A manta ragewa a wani lungu da ba a cika bi ba, misali inda aiki ya gaza a tsakiya, abu ya maƙale har abada. A rage sau biyu, a fizge tabarma mutum na zaune. Saboda wannan suka gina mai bincike a cikin Sentry, ana kunna shi da tutar ref-leak-mode, idan an rufe ya kirga abin da ba a mayar ba ya tona. Gyaran irin wannan kuskure sau da yawa layi ɗaya ne. Nemo inda layin zai zauna shi ne aikin.

Sai makullai. A saman babban fayil ɗin gofer akwai wani dogon sharhi da na karanta sau uku: jerin makullai, da wanda dole a riƙe kafin wane. Dalilin a bayyane yake. Ma'aikaci ɗaya ya riƙe makullin folda yana jiran na sauya suna, wani ya riƙe na sauya suna yana jiran na folda, sai su tsaya cirko-cirko, kwantena ya sandare ba tare da ko kuka ba. Sauya sunan fayil shi ne uban rikici a nan, domin yana taɓa folda biyu a lokaci guda, shi ya sa yake da makulli nasa na musamman, renameMu, kamar yadda Linux ma yake da irinsa. Ba su bar abin ga ƙwaƙwalwar mutum ba. Suna da checklocks, wanda ke duba kod tun kafin a gudanar da shi ya ce wannan wuri an taɓa shi ba makulli. Sannan ga syzkaller, na'urar da Dmitry Vyukov ya ƙirƙira, wadda ba ta da aiki dare da rana sai jefa wa kanel roƙe-roƙe na hauka, a haɗe, a karkace, a lokaci ɗaya, har sai wani abu ya fashe. Tana yi wa Linux, tana yi wa gVisor.

Amma foldar da ta gama da ni ita ce test/syscalls/linux. Gwaje-gwaje ne jibge, kusan kowane roƙo da fayil ɗinsa: rename.cc, unlink.cc, symlink.cc, mount.cc. Gwaji ɗaya ake gudanarwa sau biyu, a kan Linux na gaskiya da kuma a cikin gVisor. Idan amsa ta bambanta, Linux ne mai gaskiya, ko da halin nasa bai yi kama da hankali ba, domin akwai manhajar da aka rubuta shekaru ashirin da suka wuce wadda ta dogara da wannan halin. Alamar / a ƙarshen suna tana iya sauya amsa. Idan kuskure biyu suka haɗu a roƙo ɗaya, wanda za a fara faɗa ma abin lura ne. Inda kuma ba su kai ga daidaitawa ba tukuna, ba su ɓoye ba. Za ka ga an rubuta a tsallake wannan gwaji idan a gVisor ake, ga ɗan bayani a gefe cewa aiki ne da ya rage. Na yi ta bin waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin sawu, ina jin kamar an buɗe mini littafin bashin da suke bin kansu.

Da aka kira sallar asuba na farga ban rufe tagar farko ba, 4.4.0 na nan a saman allo. Na dawo daga masallaci na ɗora aikin ɗalibi na farko a ƙarƙashin gVisor, wata 'yar manhaja mai jera sunaye ta rubuta su a fayil. Ta gudana, ta rubuta, ta rufe, ba ta san inda take ba. Na jawo littafina na rubuta darasin yamma: kowa ya zo da kwamfutarsa, za mu jera ƙ guda 128 mu ga wa zai fara gano dalilin da ya sa aka ƙi karɓa.