Ciwon da Ba Ya da Suna: Daga Bamako zuwa Gaya

Kogin Kwara da ke ratsa gefen garin Gaya, a ƙarƙashin gadar da ta haɗa Nijar da Malanbil ta ƙasar Benin, shi ne wanda ya riga ya ratsa Bamako. Al'ummomin da ke zaune a gaɓarsa sun yi tarayya a abubuwa da dama, ciki har da auren zumunci da kuma wani ciwo da ba a cika ambatarsa ba. Yaro yakan tashi lafiya lau, sai ƙafafunsa su fara sagewa sannu a hankali, bayan 'yan shekaru ƙanensa ya biyo baya. A nan ne akan ce iska ce, ko sammu, ko kuma a ɗora wa uwa laifi.

Irin waɗannan iyalai ne Farfesa Guida Landouré, likitan jijiyoyi a Asibitin Point G na Bamako, ya mayar da hankali a kansu. Ya samu horo a Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka, wato NIH, a ɗakin binciken Kenneth Fischbeck. A shekarar 2010 sunansa ne ya zo farko a maƙalar mujallar Nature Genetics wadda ta nuna cewa sauyi a ƙwayar halitta TRPV4 ke haddasa wani nau'i na cutar Charcot-Marie-Tooth. Cutar tana raunana hannuwa da ƙafafu, kuma wannan nau'in yakan shanye tantanin murya, abin da ya kamata ɗalibin ilimin furuci ya lura da shi. A 2013, shi da abokan aikinsa suka gano cewa ƙwayar C19orf12 ce silar wani shanyewar ƙafafu na gado da aka samu a wani iyali na Mali, wanda aka laƙaba wa SPG43. Daga baya ya jagoranci binciken cututtukan jijiya na gado a ƙarƙashin shirin H3Africa.

A jami'a akan auna tasirin masani da yawan waɗanda suka ambaci rubutunsa. Tasirin Landouré ya wuce nan, domin ya shigar da iyalan Afirka ta Yamma cikin fagen da kusan duk bayanansa daga Turawa aka tattaro su. Sai dai uwar da ke zaune gaban likita ba ta san SPG43 ba, kuma a wannan gaɓar ce aikin ya shigo gonar masana harshe.

A Gaya ana jin Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci a kasuwa ɗaya, likita kuwa da Faransanci ya yi karatu. Idan tafinta ya ce "ciwon gado ne", mai sauraro zai tambaya: gadon wa, na ɗakin uwa ko na uba? Idan ya ce "a jini yake", ana iya fahimtar cewa zuriyar ce ke da aibi, kuma maganar na iya hana 'yan matan gidan samun miji. Alhali a nau'in SPG43 sai uwa da uba duka sun kasance suna ɗauke da sauyin, su kuwa lafiyarsu ƙalau, sannan kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Haka abin yake a amosanin jini, wanda Hausawa suka fara sabawa da bayaninsa ta hanyar gwajin jini kafin aure.

Ko zana bishiyar zuriya ma aikin harshe ne. Bahaushe yana kiran ɗan baffansa "ɗan'uwana", yana kiran ƙanwar mahaifiyarsa "inna". Mai binciken da bai tantance waɗannan kalmomi ba zai rubuta dangantakar da ba ita ba, lissafinsa na gado kuwa ya karkace.

Yawancin waɗannan cututtuka ba su da magani har yanzu. Amma bayani sahihi cikin harshen da iyali ke ji yana sauke zargi daga kan uwa, yana kuma tsayar da asarar dukiya wajen neman karya sammu. Ɗaliban ilimin harshe da ke neman batun kundi za su iya farawa daga asibitin Gaya, su saurari kalmomin da majinyata da tafintoci ke amfani da su, su rubuta, sannan su zauna da likitoci a tace waɗanda suka dace.