Masu aikin ɓoye a cikin tulin taki

Tulin kashin shanu da ake tarawa a bayan gida a ƙauyukan Roni da Gwiwa, in aka yayyafa masa ruwa aka tona shi da sanyin safiya, sai ka ga tururi na tashi. Zafin nan numfashin halittu ne da ido ba ya gani. Bakteriya masu son ɗumi ne ke fara cin abin da ya yi laushi, har zafin aikinsu ya fi ƙarfinsu, su ja da baya. Daga nan masu jure zafi su karɓa, tulin ya kai digiri 55 zuwa 65, inda yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta ke mutuwa. Sai ya huce kafin fumfuna ta shimfiɗa fararen zarenta a jikin karan gero da dawa, tana narkar da abin da ya gagari na farko. Kowane rukuni yana gyara wa magajinsa wuri ne, ba tare da ya ga ƙarshen aikin ba. Wani zai ce kakanninmu sun kai taki gona a mangala ba su san Trichoderma ba, wato fumfunar da masana ke ƙarawa. Gaskiya ne, domin irin waɗannan halittu dama suna cikin tulin. Ƙarin yana rage jira ne kawai, kuma in aka zuba shi a tsakiyar zafi, mutuwa zai yi. A ranin Kazaure da Babura kuwa, ruwa da juyawa sun fi komai, don haka manomi ya fara da su.