AGOGON MAIGIDA DA ZINAREN UWARGIDA

Jama'a, akwai wata tsohuwar gardama a gidajenmu tsakanin maza da mata, ita ce ta zinare. Duk macen da ta ɗauki adashi ta nufi wurin masu zinare, to ta shirya shan gori, wai mata ba su san ciwon kuɗi ba, wai me za a yi da ƙarfe a wuya. Mun ji mun haɗiye. To yau ni ma ina so in leƙa hannun hagun maigida, domin a wasu gidajen abin da ke ɗaure a wurin ya fi duk abin da ke cikin adakar uwargida tsada, kuma babu mai ce masa don me.

Ba agogon da ake saye a bakin titi don duba lokacin sallah nake nufi ba. Ina nufin masu tara agogo kamar yadda wasu ke tara tattabaru ko dawaki, mutum ya mallaki biyar, ya mallaki goma, kowanne da ɗakinsa a cikin akwatin karan-miski, na zuwa kasuwa daban, na Juma'a daban, na ɗaurin aure daban.

Mu dai mun taso mun tarar da iyayenmu maza da Seiko 5 a hannu, wanda ba ya son batir, motsin hannu kaɗai ke ciyar da shi. Wanda Allah ya ɗan buɗa wa kuwa sai Rado, mai ruwan gwal da gilashi mai kusurwa-kusurwa, yawanci tsarabar Makka ce, an sayo a Jidda kafin a hau jirgi. A lefe ma akan sa wa amarya agogo, 'yan ganin kaya su ɗaga su juya, su ce wance ta yi goshi. A nan abin ya tsaya a da. Yanzu kuwa sunayen da muke ji a bakin samari su ne Rolex da Patek Philippe da Omega da Cartier, har yaron da bai taɓa riƙe kuɗin taya ɗaya ta mota ba ya san sunan kowanne da farashinsa, saboda hotunan da yake gani a waya. Mu marubuta ma mun san amfanin abin. In kina son mai karatu ya gane jaruminki ɗan gidan wani ne, ba sai kin cika shafi ba, ki ce ya ɗan janye hannun rigarsa ya dubi Rolex ɗinsa, shi ke nan an fahimta.

Abin da zai ba 'yan uwana mata dariya shi ne, agogon hannun nan asalinsa kayan adonmu ne. A ƙasar Turai, namiji mai mutunci agogon aljihu yake riƙewa, da 'yar sarƙarsa, na hannu kuwa na mata ne, ana kallonsa kamar awarwaro. Kamfanin Patek Philippe da aka kafa a birnin Janeba ta ƙasar Suwizalan a 1839, agogon hannun da ya ƙera a 1868 wata mace ce 'yar sarautar ƙasar Hangare ta saye shi. Sai da aka yi yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, sojoji suka ga ba damar lalube aljihu alhali bindiga na hannu, suka koma ɗaura agogo a tsintsiyar hannu, da suka dawo gida kuma sauran maza suka kwaikwaya. Ashe aro suka yi a wurinmu.

Shi kansa Rolex mace ce ta fito da sunansa. Wani Bajamushe ne mai suna Hans Wilsdorf ya kafa kamfanin a Landan a 1905, ya yi rajistar sunan Rolex a 1908, daga baya ya tattara ya koma Janeba. A 1926 ya fito da agogon da ruwa ba ya shiga, wanda ya kira Oyster. Mutane ba su gaskata ba, sai a 1927 wata budurwa 'yar Ingila, Mercedes Gleitze, ta faɗa tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da agogon a jikinta, ta yi sama da awa 10 tana iyo cikin ruwan sanyi, ta fito agogo na ta aikinsa. Wilsdorf, ɗan kasuwa ne na gaske, ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya tallata labarin.

To amma a bar batun wa ya riga wa. Tambayar da nake yi ita ce, me mai tara agogo yake saye? Kada wanda ya ce mini lokaci. Tun ranar 25 ga Disamba 1969, da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu na farko a kasuwa mai ƙirga lokaci da dutsen quartz, mai suna Astron, maganar lokaci ta ƙare. Agogon batir na yau yana da wani ɗan ƙanƙanin dutse a ciki da ke karkarwa sau 32,768 a sakan ɗaya, da shi yake ƙirga lokaci, alhali mafi yawan masu tsadar nan da ake wanawa bugu takwas kacal suke yi a sakan. Hukumar da ke gwada agogo a Suwizalan tana ba agogo shaidar inganci matuƙar bai yi latti fiye da sakan 4 ba, ko gaggawa fiye da sakan 6 a yini. Ki lissafa, gaggawar sakan 6 kullum minti 3 ke nan a wata. Ɗan baƙin Casio ɗin nan na roba kuwa, F-91W, da ya fito tun 1989, wanda ɗalibai da masu gadi ke ɗaurawa, kuskurensa bai wuce rabin minti a wata ba. Wannan ne ya kusa kashe sana'ar agogo a Suwizalan, ma'aikata kusan kashi biyu cikin uku suka rasa aiki kafin tsakiyar shekarun 1980. Da suka ga ba za su iya gasa a araha da daidaito ba, sai suka koma sayar da suna da tarihi da aikin hannu, kuma wallahi dabarar ta ci.

Balle ma mu nan, da a ce lokaci ake saye, da ba mu ga Alhaji da agogon miliyoyi ya iso ɗaurin auren ƙarfe goma sha ɗaya ana kiran azahar ba. Agogo sarkin aiki yana yin nasa, mai shi ne dai ke ce maka mu haɗu bayan la'asar, ya zo da isha.

Ba zan yi musun cewa akwai abin sha'awa a ciki ba. Na taɓa tsayawa kan wani dattijo mai gyaran agogo, ya buɗe bayan wani ya miƙo mini gilashin da yake maƙalawa a ido. Subhanallahi! Ƙananan ƙafafu masu haƙora, wani na tura wani, ga wani zaren ƙarfe da bai kai kaurin gashi ba yana buɗewa yana tsukewa kamar numfashi, ga 'yan jajayen duwatsu da aka dasa don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Babu wuta babu batir, amma abu na tafiya, kuma in ana kula da shi ana kwancewa a wanke a sa mai bayan 'yan shekaru, sai jika ya gaji na kakansa. Wanda ya sayi ɗaya ko biyu don wannan, da halalinsa, bayan ya sauke haƙƙin iyali, ni ba ni da ta cewa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Inda nake da magana shi ne inda maigida zai dubi matarsa ya ce wannan ajiya ce, jari ne, saboda ku nake tarawa. Hujjarsa ba ta rasa tushe ba. Tun da aka saki naira a watan Yuni 2023, dalar da ake samu a wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, duk wanda ya bar kuɗinsa a banki ya ga yadda suka narke. Kuma yana da labaran da zai kawo. A 2017 an yi gwanjon Rolex ɗin ɗan wasan Amurka Paul Newman a kan dala miliyan 17.8 (shi ma, ku lura, matarsa ce ta saya masa). A 2019 an sayar da wani Patek Philippe a Janeba a kan kuɗin Suwizalan faran miliyan 31. Amma wannan na biyun fa jikinsa farin ƙarfe ne, ba zinare ba. Ma'ana kuɗin ba a jikin agogon suke ba, suna cikin kawunan masu son sa ne, ranar da sha'awarsu ta koma wani wuri, farashi ya bi su. An kuwa gani. Bayan annobar korona farashin agogon hannu-biyu ya yi ta hawa har farkon 2022, daga nan ya juyo ƙasa, waɗanda suka saya a ƙololuwa don su ci riba suka rungumi asara. Sannan 'yan tsirarun samfura ne ma ke yin wannan tashin. Mafi yawan agogo masu tsada, kana fita ƙofar kanti da su sun rage daraja, kamar sabuwar mota.

Zinaren da ake mana gori kuwa, ki ɗauki ɗan kunnenki ko da ɗaya ya ɓata, ko sarƙa ta tsinke, ki kai kasuwa, a goga a dutse, a ɗora a sikeli, a faɗa miki kuɗin giram na ranar, a cire na aiki, ki ƙirga kuɗinki kafin la'asar. Babu mai tambayarki kwali. Farashinsa a duniya ya haura dala 2,000 kowane oza a 2020, ya haura 4,000 a 2025. Mata nawa ne suka biya kuɗin asibiti da na makarantar yara da shi, har da jarin maigidan da ya karye?

Bari in ba ku labarin wata aminiyata, ba zan kama suna ba. Mijinta ɗan kasuwa ne mai zuwa Dubai, mutumin kirki, bai taɓa barin gidansa da yunwa ba, amma Allah ya jarrabe shi da son agogo. Guda tara ya tara. Duk sanda ta yi masa maganar ya sayi fili ko ya ƙarasa ginin da ya fara, sai ya buɗe akwatin ya ɗauko ɗaya ya ce, “Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan kaɗai ya isa ya saya miki gida.” Rana ɗaya ciwon awa biyu ya ɗauke shi. Ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, ga bashin abokan ciniki.

Da aka zo rabon gado, malamin da aka kira ya ce shi ya san kason kowa, matan biyu su raba tumuni, mahaifiyarsa ta ɗauki sudusi, sauran na 'ya'ya, amma ba zai raba abin da ba a san kimarsa ba. Gida an san masu yi masa kuɗi, mota ma haka, agogo fa? Da aka buɗe akwati ma takwas aka samu. Aka ɗauko wani dattijo da ya ƙware, ya zauna a tabarma a zaure ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buɗe bayansu. Uku ya ture gefe ya ce jabu ne, irin jabun nan da sai an buɗe ciki ake ganewa, har nauyinsu ɗaya da na asali. Ko marigayin cutarsa aka yi, ko ya sani yana ɗaurawa ne don tafiye-tafiye, ya tafi da amsarsa. Uku na asali ne, amma ya ce ko rabin kuɗin da aka saye su ba za a samu ba. Biyu ne masu daraja sosai, ɗaya ma na zinare ne zalla, wanda malamin ya girgiza kai ya ce wannan tun farko bai halatta namiji ya ɗaura ba.

Dattijon ya tambaya, “Ina kwalayensu da katin garanti?”

Aminiyata ta ce daga bayan labule, “Baba, wane kwali? Ai yara sun daɗe da yin wasa da su.”

Ya ce, “Kash! 'Yata, ai a wannan harka takarda rabin kuɗi ce.”

Wata bakwai ana neman mai saye. Wanda zai iya biya yana tsoron jabu, ya fi son ya hau jirgi ya sayo sabo da rasit ɗinsa, wanda ya yarda kuma dillali ne da ya san magada a matse suke, sai ya yi tayin wulaƙanci. A tsakanin nan, kuɗin makarantar yara da cefane, har da bashin mai shago, da awarwaronta huɗu na zinare aka yi su, waɗanda ta saya da adashi, waɗanda marigayin, Allah ya jiƙansa, ya sha yi mata tsiya a kansu. Ina wurin ranar da ta cire na ƙarshe tana cikin takaba ta ba ƙaninta ya kai kasuwa.

Don haka 'yar uwa, in maigidanki mai wannan sha'awa ne, ba na ce ki tayar masa da hankali ba, ba a raba mutum da abin da ransa ke so da faɗa. Amma ki lallaɓa ki san guda nawa ne, ki adana kwali da kati da rasit inda kike adana takardun haihuwar yara, ki sa ya rubuta lambar da ke jikin kowanne da inda ya saya da nawa ya saya. In ya ce jari ne, to ki tuna masa ya tambayi malamai batun zakkarsu, domin abin da aka saya da niyyar sayarwa hukuncinsa daban da na abin ɗaurawa. In kuwa ya ba wani kyauta ko aro, a faɗa a gaban shaidu.

Wannan na ƙarshen da dalili na faɗe shi. Agogo na taran da ba a samu a akwati ba, shi ne wanda marigayin ke cewa zai sayi gida. Ana sadakar bakwai aka gan shi a hannun ƙaninsa, ya ce Yaya ne ya ba shi kyauta sati biyu kafin rasuwa, su biyu a mota. Malam ya nemi shaida babu, aka ce ya rantse, tsohuwarsu ta fashe da kuka ta ce ba za a kai mata ɗa gaban Alƙur'ani a kan agogo ba tana raye. Shekara uku ke nan, duk Juma'a marayun suna ganinsa a masallaci yana saɓa babbar riga da shi a hannu, su durƙusa su gaishe shi.