Fulorens: Birnin Da Annoba Ta Katse Wa Ɗalibai 'Yan Wasa Hanzari

Duk baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Santa Mariya Nobella da ke birnin Fulorens na ƙasar Italiya, ba zai yi tafiyar minti goma ba sai ya ji Turancin Amurka yana tashi ta ko'ina, kai ka ce ba a tsakiyar lardin Tuskani kake ba. Dalili kuwa shi ne, wannan tsohon birni da ke bakin kogin Arno ya daɗe da zama masaukin ɗaliban jami'o'in Amurka masu zuwa ƙaro ilmi na zango guda, watau kimanin wata huɗu. Jami'ar Sirakus ta buɗe reshenta a nan tun 1959, ta Stanford ta biyo baya a 1960, ita kuwa Jami'ar New York gadon wani katafaren gida mai suna La Pietra ta ci a 1994, a kan tudun arewacin gari.

A cikin waɗannan ɗalibai akwai wani rukuni da ba a cika tunawa da su ba, watau 'yan wasan da ke wakiltar jami'o'insu a gasa. Shi ɗan wasa ba ya da 'yancin zaɓen lokacin tafiya yadda sauran ɗalibai ke da shi, domin shekararsa a rabe take gida biyu: akwai lokacin gasa, akwai na shirin gasa. Masu ƙwallon ƙafa, da 'yan matan ƙwallon raga da na ƙwallon gora, daga Agusta zuwa Nuwamba suke fafatawa. Saboda haka in za su leƙa wata ƙasa, ƙofa ɗaya ce a buɗe gare su, daga Janairu zuwa Mayu, galibi kuwa a shekararsu ta uku. Da yawansu daga ƙananan kwalejoji suke, na rukuni na uku a tsarin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, inda ba a ba kowa kuɗin karatu saboda wasa. Sha'awa ce kurum ke riƙe da su.

Shi kansa birnin kamar an gina shi don mai son gwada ƙwarin ƙafarsa. A yamma da gari akwai dandalin Kashine, tsohuwar gonar gidan sarautar Medici, wadda ta miƙe a gefen kogi fiye da kilomita 3, da dogayen itatuwa dama da hagu. Nan masu gudu ke yin sammako. Wanda ke son hawan tudu sai ya ƙetare kogi ya nufi dandalin Mikelanjelo, inda in ya kai bisa yana haki zai ga gari duka a shimfiɗe gabansa, jajayen rufin gidaje da tsohuwar gadar nan ta maƙeran zinariya wadda aka gina a 1345. Wanda bai ƙoshi ba, to, ga ƙubbar babban cocin gari wadda Brunelleschi ya gama a 1436, matakalarta 463, ga kuma hasumiyar da ke gefenta mai matakala 414. Da irin waɗannan wurare ɗan wasa ke cika takardar motsa jiki da mai horad da shi ya ba shi tun daga gida, don kada ya koma a watan Agusta ya tarar wani ya gaje masa gurbi.

Haka ɗaliban shekarar 2020 suka soma zangonsu, sun kama ɗakuna, sun fara koyon gaisuwa da harshen gari, wasu har sun sami ƙananan kulob na unguwa da ke barinsu su taɓa tamaula da yamma. Ana cikin haka, ran 21 ga Fabrairu sai labari ya bazu cewa cutar korona ta ɓulla a garin Kodonyo da ke lardin Lombardi, can arewa. Tsakanin Lombardi da Fulorens tafiyar kimanin sa'a biyu ce a jirgin ƙasa mai sauri. Kafin mako ya zagayo, Jami'ar Sirakus ta ba da sanarwar rufe reshenta, ta ce ɗalibanta fiye da 300 su tattara nasu ya nasu su koma gida. Ta New York ma ta dakatad da karatu a La Pietra, sauran kuma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zo da niyyar wata huɗu, sai ga shi yana ɗaure kaya bayan mako shida ko bakwai.

A ƙa'ida, bala'i ba baƙo ba ne a wannan birni. A 1348 annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta halaka jama'a masu ɗimbin yawa a nan, ita ce ma marubuci Boccaccio ya ɗora littafinsa Decameron a kanta, labarin 'yan mata bakwai da samari uku da suka haɗu a cocin Santa Mariya Nobella, suka yanke shawarar ficewa daga gari. Cocin nan dai shi ne wanda tashar jirgin ƙasa ta ari sunansa, ta gabansa kuma ɗaliban 2020 suka wuce suna jan akwatunansu. Har ila yau, ran 4 ga Nuwamba 1966 kogin Arno ya yi ambaliya ya cika gari da taɓo, matasa suka yi ta kwararowa daga ƙasashe daban-daban suna tsamo littattafai da zane-zane daga cikin laka. Wancan karon matashi na iya taimakon birnin da ƙarfin damtsensa. A wannan karon kuwa taimakon da aka nema daga gare shi shi ne ya tafi.

Bayan tafiyarsu abubuwa suka daɗa rincaɓewa. Ran 9 ga Maris Firayim Minista Giuseppe Conte ya ba da umurnin kulle ƙasar baki ɗaya, aka dakatad da gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, daga baya har wasu 'yan wasan kulob ɗin Fiorentina suka kamu. Kafin ƙarshen watan an rufe wuraren shan iska, aka ce mai son motsa jiki ya tsaya kusa da ƙofar gidansa. Dandalin Kashine ya zama kufai sai kukan tsuntsaye. Wasan gargajiyar nan na gari, mai haɗa ƙwallo da kokawa da dambe, wanda ake yi a dandalin Santa Kroce cikin watan Yuni, shi ma bai yiwu ba a shekarar.

Su kuwa ɗaliban, an gudu ba a tsira ba. Da suka isa Amurka aka umurci da yawansu su killace kansu kwana 14 a gidajen iyayensu, kada su taka harabar makaranta. Darasin tarihin zane da aka shirya yi a gaban zanen kansa, sai ya koma ta allon kwamfuta. Ran 12 ga Maris hukumar NCAA ta soke dukan gasannin cin kofi da suka rage a shekarar karatun, alhali 'yan guje-guje da tsalle-tsalle sun riga sun hallara a birnin Albakaki na jihar New Mexico don gasar da za a fara washegari. Waɗanda suka dawo daga Fulorens suka dangana, suna cewa a ransu ai kakarsu tana gaba. Ina! Ran 5 ga Agusta aka soke gasannin cin kofi na wannan kaka a rukuni na uku. Ga mai shiga shekarar ƙarshe, asara ta zama biyu ke nan: zangon ƙetare ya tafi, kakar ban kwana ita ma ta tafi. Gaskiya ne hukumar ta ƙara wa 'yan wasa shekara guda ta cancantar yin gasa, amma ƙarin shekara yana nufin ƙarin kuɗin makaranta, ba kowane gida ne kuwa zai iya ɗaukar wannan nauyi ba.

Alƙaluma sun nuna girman abin. A shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 ɗaliban Amurka kimanin 347,000 ne suka fita ƙetare karatu. A ta 2020 zuwa 2021 ba su kai 15,000 ba.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da wannan labari. To, da ruwanmu. Mutum na farko da aka tabbatar yana ɗauke da cutar a Nijeriya, ran 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, daga birnin Milan ya taso. Bugu da ƙari, ga 'ya'yanmu Amurka ita ce ƙetaren. Tun zamanin su Hakeem Olajuwon a Houston da Mary Onyali a Texas Southern, har zuwa Tobi Amusan a El Paso, 'yan wasanmu ke bin hanyar jami'o'in can. Ɗan Amurka da aka sallama daga Fulorens gidansu ya tafi. Ɗan Nijeriya da aka rufe wa ɗakin kwana a Texas kuwa, sai ya tarar ƙasarsa ta rufe filayen jiragen samanta ga jiragen ƙetare tun ran 23 ga Maris, ba a buɗe ba sai 5 ga Satumba. Cikin Yuli ma hukumar shige da fice ta Amurka ta ce ɗalibin waje da karatunsa ya koma ta intanet kacokan ya bar ƙasar, sai da Harvard da MIT suka kai ƙara kana aka janye dokar bayan kwana takwas.

Fulorens ta farfaɗo, ɗalibai sun komo, masu gudu sun sake cika bakin Arno. Ƙubbar da ta yi kusan shekara 600 a tsaye ba ta rasa kome ba don an rufe ta na 'yan watanni. Amma kakar wasa huɗu kaɗai ɗalibi ke da ita, ƙuruciya kuwa ba ta jiran kowa. Saboda haka iyaye da hukumomin wasanninmu, in za a tura yaro wata ƙasa, a tambaya tun kafin ya hau jirgi: in an rufe makaranta ina zai kwana, wa zai biya kuɗin komowarsa, kuma me zai sami tallafin karatunsa in ba a yi gasa ba? Allah Ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan shekara, amin.