Layin da ake saya da kuɗi

Yaya,

Yaya ƙafar Inna? Mu nan Bronx lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne a Amurka ana biyan kuɗi a tsallake layi a filin jirgi, kuma wai hukuma ce da kanta take karɓa. Gaskiya ne, har rasit suke bayarwa. Ni ma na biya.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001 aka kafa TSA, hukumar binciken fasinjoji. Tun daga nan duk wanda ya yi yunƙurin ta'asa sai ya bar wa matafiya gadon wahala. Richard Reid ya ɓoye bam a takalmi a ƙarshen 2001, aka wayi gari manya da yara na tafiya da safa a gaban na'ura. A 2006 aka hana shiga jirgi da ruwa ko turaren da ya wuce mililita 100. Wanda ya yi yunƙurin ta'asa a jirgi a Disamban 2009 kuwa ba sai na tuna maka ba, tunda ɗan gida ne, kuma dalilinsa Najeriya ta shiga jerin ƙasashe 14 da aka tsaurara wa bincike. Layi ya yi ta tsawo, sai a 2011 suka fito da PreCheck. Yau za ka ba da kusan dala 80, su ɗauki hoton yatsunka, su tona tarihinka, in ba su ga tabo ba su ba ka lamba ta shekara biyar. Mai lambar nan ba ya kwance bel, ba ya ciro kwamfuta daga jaka. Akwai wansa, Global Entry, dala 120, wanda ya haɗa da wancan, kuma in ka dawo daga waje na'ura ce kawai za ta kalli fuskarka ka wuce. Shi na yi, saboda zuwa gida.

Ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Ga mai yawan tafiya, tana biya. Dala 24 ce a shekara, kuma wanda ya kwana a zaune cikin jirgi ya san darajar sa'a guda. Mai hawa jirgi jefi-jefi kuwa ya riƙe kuɗinsa, musamman da yake tun Yulin 2025 an daina sa kowa cire takalmi. Masu PreCheck ma sun haura miliyan 20, wani lokacin layin saurin ba ya sauri.

Abin da nake ta juyawa a raina daban ne. Mutanen nan ba sa wasa da layi. Ka shiga gaban wani a kanti, wata tsohuwa za ta wanke ka tas. Amma in da rasit ka wuce, ba mai ɗaga kai. Mu a gida alfarma muka sani: kana da mutum a ciki, ko babbar rigarka ta yi maka magana. Tsakani da Allah nasu ya fi namu tsabta. Farashi ɗaya ne a rubuce, direban tasi da likita duk shi za su biya, kuma ba ka fita da nauyin kowa a kanka. Sai dai abin da ake sayarwa yarda ce. A gida mai unguwa da liman da maƙwabta ke shaidar mutum. A nan jami'i ne ya zaunar da ni, idonsa na kan kwamfuta, yana tambayar ƙasashen da na je da abin da ya kai ni. Da ya gama, na zama amintacce na shekara biyar.

Kuma ba kowa ake sayar wa ba. Sai ɗan ƙasa, ko mai katin zama na dindindin, ko ɗan wasu ƙasashe da aka ware, irin su Birtaniya da Jamus da Indiya. Babu Najeriya a ciki, babu Nijar. Inna, wadda ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba, ko nawa za mu tara ba za ta samu ba. Da ta zo haihuwar 'yarka, na bar layina na bi nata. An kawo mata keken turawa kyauta, wata jami'a ta nemi izini kafin ta shafa mayafinta, har ta tambaye ta ko tana son a shiga ɗaki. Inna cewa ta yi a bar yarinya ta yi aikinta. Ni ne na tsaya ina cika ina batsewa, da lamba a aljihu wadda ba ta tsinana mata komai ba.

Yardar nan kuma aro ce, ana ƙwace ta. Nama ba ya shigowa ƙasar nan a jakar fasinja, kuma suna da karnukan da aka horar don shinshino shi. Wanda aka kama da abincin da bai bayyana ba, ga tara, ga lambarsa ta tafi. Don haka ina roƙon arziki, in na zo da Sallah a ja wa matarka kunne. Kuka da kuɓewa busasshiya zan nuna musu da kaina su duba. Kilishin da take cusa mini a ƙasan akwati ba da sanina ba kuwa, a ba ni shi in cinye a tsakar gida.

A gaida Inna da yara.

Ƙaninka.