Katakon Da Ke Kwana Waje

A Ingila da Amurka mutane su kan yi dandamali na katako a lambun bayan gida, inda iyali su ke shan iska. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai su wanke shi, su shafa masa mai. Mu a nan ba mu cika yin irin wannan dandamali ba, amma muna da bencin ƙofar gida, da ƙyaure, da taga, da teburin mai shayi. Duk suna shan rana da ruwa, ba mai tuna su sai ranar da ƙafar benci ta karye da baƙo a kai.

Tun da na fara koyarwa aka ɗora mini lura da bencunan makaranta. Abin da na gani shi ne, ba tsufa ke kashe katako ba, sauyin yanayi ne. Da damina ya sha ruwa ya kumbura, har ƙyaure ya ƙi rufuwa. Da hunturu ya bushe ya tsuke, sai ya tsage, ƙusa ta yi sako-sako. Damina ta gaba ruwa ya bi tsagar ya shiga ciki, ruɓa ta fara, gara kuwa ta sami hanya. Launin toka da rana ta kan ba shi kada ya tsorata ka, a fata kaɗai ya tsaya. Ɗauki ƙusa ka soka a ƙafar bencin. In ta ƙi shiga, yana da sauran rai. In ta lume kamar a dafaffen rogo, a cire wannan sashi, fenti ba zai tashe shi ba.

Itace ma suna ne ya tara su. Loko da maɗaci suna jimrewa, kirya ta fi su taurin kai, shi ya sa a ke sassaƙa turmi da ita. Obeche kuwa na cikin ɗaki ne, amma don araharsa kafinta ya kan yi bencin waje da shi, ya rufe da fenti. Tambayi sunan itacen kafin ka biya.

Lokacin gyara, a ganina, shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta yi kauri ba tukuna. A wanke da sabulu da burushi, a bar shi kwana 2 ko 3 ya bushe sarai, a goge da samfefa, ana bin tsawon katakon. Sa'an nan a yayyafa ɗan ruwa a gani: in ya tsaya dunƙule-dunƙule, akwai sauran mai a jikinsa, in ya shanye nan da nan, yana jin ƙishi. A fara da maganin gara irin su Solignum, ya bushe, kāna man linsid ko fenti. A shafa kaɗan-kaɗan sau biyu, a inuwa. Bakin da zarto ya yanka shi ya fi shan ruwa, ƙafafu ke nan, nan ne kuwa masu fenti su kan tsallake don ba a gani. A jiƙa su sosai, a kuma ɗora su kan dutse ko bulo, kada su taɓa ƙasa.

Na san baƙin mai na mota ya fi araha, kusan kowane gida ana shafa shi. A kan ginshiƙin shinge ban yi gardama ba. A kan abin zama kuwa ban yarda ba: ba ya bushewa sosai, yana ɗauke da dattin inji, yara kuma da hannun da su ka dafa benci su ke cin ƙosai. Man gyaɗa ma ɓarna ce, sai ya yi wari ya kira kiyashi.

Tsumman da aka shafa linsid da shi kada a dunƙule shi a jefa a lungu, domin ya kan yi zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a fili ko a tsoma shi cikin ruwa. Guntun katakon da ya sha magani kuma kada ya shiga murhu. Wani maganin yana da guba mai suna asenik, wanda Amurka ta daina sa shi a katakon gidaje tun ƙarshen 2003. Uwargida ba za ta gane shi da ido ba cikin itacen girki, saboda haka wanda ya yi gyaran shi zai ware guntayen da kansa kafin ya tashi daga wurin.