Alwalar da ta kai ni likita



An cire mini turmin ƙarshe na ƙasa, haƙorin nan da ke fitowa bayan mutum ya balaga. Lokotoro ya sa mini auduga na cije, ya ce kada in kurkure baki sai bayan awa 24, domin jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin ƙashi, kuma a ƙarƙashinsa nama yake tsirowa. Na amsa da to, amma da aka kira la'asar sai zuciyata ta ce alwala ba kurkurar baki ba ta cika ba. Na kurkure sau uku da ƙarfi, na tofar.

Rana ta uku ciwo ya taso, yana harbawa har kunne, bakina yana wari. Maimakon in koma, na sayi ƙwayoyi wurin mai talla a kasuwa. Rana ta biyar kunci ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ni, baki ya ƙi buɗuwa sosai. Da na koma likita aka wanke ramin, aka sa magani a ciki, aka rubuta mini na kashe ƙwayoyin cuta. Lokotoro ya ce irin wannan kumburi yana iya gangarawa wuya ya toshe numfashi.

Da limaminmu ya zo duba ni, ya ce: «Malam, ka manta Ahalari ne?» Kunya ta kama ni. A mazhabar Malikiyya farillan alwala bakwai ne, kurkurar baki ba ta cikinsu, sunna ce. Wanda ya bar ta saboda lalura alwalarsa ta inganta, jinin baki ma ba ya karya ta. Wanda sujada ke tsananta masa ciwo ya yi ishara. In kuma azumi ne, aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta ba majinyaci damar ya sha, ya rama daga baya. Mako biyu na rasa jam'i saboda sunna ɗaya da shari'a ta riga ta ɗauke mini. Na zaci taƙawa ce, ashe jahilci ne.

Ɗan'uwa, in an cire maka haƙori, ranar farko ka bar kurkura da taba da kunu mai zafi. Daga washegari ka riƙa sa ruwan gishiri mai ɗumi a hankali. In ciwo ko kumburi na ƙaruwa bayan kwana uku, ko ka ga mugunya, ko zazzaɓi, ka koma likita a ranar. In haɗiya ko numfashi ya yi wuya, kada ka jira gari ya waye.

Jiki amana ne, za a tambaye mu a kansa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya fahimtar da mu addininSa. Amin.